A Buɗe Wa Samarinmu Littafin Allon Lantarki

Duk wanda ya ratsa unguwar Kabara, nan daura da Gidan Rumfa a cikin birnin Kano, da hantsi ko bayan La'asar, zai iske abin da aka san unguwar da shi tun kaka da kakanni, watau malami a zaure, ɗalibai kewaye da shi, kowa da littafinsa a buɗe. In mutum ya duƙa ya dubi irin waɗannan littattafai, musamman tsofaffin da aka rubuta da hannu, zai ga matani a tsakiyar shafi, a gefe kuma ga ƙananan rubuce-rubuce na waɗanda suka riga shi karantawa. Wannan ya warware wata kalma mai wuya, wancan ya gyara kuskuren mai kwafa, wani kuma ya sa ma'anar Hausa da ajami. Ba al'adar malamanmu ba ce su hana ɗalibi kwafar littafi, kuma da wannan hanya ilmi ya yi ta yaɗuwa daga gari zuwa gari tun ba a san injin ɗab'i a ƙasar nan ba.

Ita kanta unguwar ta samo sunanta ne daga Malam Umaru Kabara, wanda aka jingina shi ga garin Kabara, mashigar jiragen ruwan Timbuktu a bakin kogin Kwara. A cikin zuriyarsa ne aka sami Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, bayan ya tara littattafai masu yawa, ya rubuta nasa, ya kuma fassara Alƙur'ani mai girma da Hausa domin wanda bai ji Larabci ba shi ma ya amfana.

Dalilin da ya sa muka fara da wannan shi ne, a bakin titunan da suka kewaye wannan unguwa, da Kasuwar Rimi da Sabon Gari, har zuwa titin Beirut da Farm Centre, akwai dubban samari da suke wani irin karatu, su ma a kan allo, amma allon da ba a ba su littafinsa ba. Su ne masu gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu da fitilar sola da injin inbata. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da hukuma za ta dubi halin da suke ciki, domin maganin wani sashe na matsalarsu yana nan ajiye, kuma ba ya bukatar a fitar da ko sisin kwabo zuwa ƙasashen waje.

MENE NE ALLON LANTARKI?

Kowa ya taɓa buɗe bayan rediyo ya ga wani ɗan falle mai tauri, galibi kore, wanda aka jera wa ƙananan kayayyaki, ga kuma siraran layuka suna bi ta tsakaninsu kamar lungunan cikin birni. Shi ne allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel. Layukan nan na jan ƙarfe ne, su ne suka maye gurbin tarin wayoyin da ake ƙullawa da hannu a cikin rediyon da. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Paul Eisler shi ne ya fara amfani da irin wannan allo a cikin rediyo a Ingila a 1936. Yau babu wata na'urar lantarki ta kirki da ba ta da shi, tun daga cajar waya har zuwa injin ɗaukar hoton ƙirji na asibiti.

Ba da ka ake yin wannan allo ba. Da farko injiniya yakan zana taswirar da ke nuna wane abu ke haɗe da wane. Sa'an nan ya tsara inda kowane abu zai zauna a kan allon, ya ja layukan jan ƙarfen, ya tsai da faɗinsu gwargwadon ƙarfin wutar da za ta bi ta cikinsu, ya kuma sa alamar inda za a huda. Daga ƙarshe sai ya fitar da fayilolin da masana'anta za ta yi aiki da su, kowane rufi na allon da nasa fayil, na huji ma da nasa. Ana kiran tsarin waɗannan fayiloli Gerber, da sunan kamfanin Joseph Gerber na Amurka wanda ya fito da shi, kuma yanzu kamfanin Ucamco na ƙasar Beljiyam ke kula da shi, ya kuma bar bayaninsa a buɗe ga kowa. Duk wannan aiki da manhajar kwamfuta ake yin sa. Wanda ke da fayilolin da kuma manhajar buɗe su, yana iya karanta allon, ya gano inda ya lalace, ya gyara, ya canza masa tsari, ko ya sa a buga masa sabo. Wanda ba shi da su kuwa, laluben cikin duhu kawai yake yi.

A ɗauki misalin da kowane mazaunin birni ya sani. Na'urar amsa-kuwwa ta masallacin unguwa ta mutu ana gobe Juma'a, an ɗauka an kai wa mai gyara. Ba shi da taswira, sai ido da mita da ƙarfen narka dalma. Zai bi layi ɗaya bayan ɗaya, wani ya ɓace masa a ƙarƙashin wani abu, wani ya nutse ta huji ya ɓulla a ɗaya gefen. In ya yi sa'a ya gano ƙaramin abin da ya ƙone, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In bai yi sa'a ba, sai a ji hukuncin da aka saba ji: "Fanel ya ƙone, sai dai a sayi sabo." Haka kuɗin jama'a ke tafiya, na'urar kuma ta ƙare a bola. Abin da ke faruwa ga masallacin unguwa shi ne ke faruwa ga ma'aikatun gwamnati, sai dai nasu ya fi tsada. Fitilun titi masu amfani da hasken rana, da akwatin sarrafa famfon burtsatse, da na'urorin ɗakin gwaji, sau da yawa abin da ya kwantar da su bai wuce wani abu kamar ƙwayar wake a kan allo ba.

TSADA DA SATA

Shekaru da yawa manhajojin zana allo suna hannun 'yan kamfanoni kaɗan, kuma kuɗin lasisin manyan cikinsu yakan kai dubban daloli ga mutum ɗaya. Don a san girman wannan kasuwa, a 2024 kamfanin Renesas na Japan ya sayi kamfanin Altium, mai ɗaya daga cikin fitattun manhajojin, a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu shida. Mu kuwa a nan, a farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Makarantar da da ma da ƙyar take sayen alli, yaya za ta yi da lasisin da ake sabuntawa kowace shekara da kuɗin waje?

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibai da yawa, har da wasu malamansu, da manhajar sata suke aiki, wadda aka ɓalle wa makulli ake yawo da ita a filas. Wannan hanya tana da illa uku. Ta farko, laifi ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ba ya kyautuwa makarantar gwamnati ta zama wurin da yaro zai fara koyon taka doka. Ta biyu, irin waɗannan manhajoji sukan zo da cutar kwamfuta a ɓoye. Ta uku kuwa, wadda ta fi damunmu, yaron da ya ƙware a kan kayan sata, ranar da ya buɗe nasa kamfani ya nemi yin hulɗa da mutanen waje a bayyane, sai ya iske ba zai iya biyan kuɗin abin da hannunsa ya saba da shi ba.

Ko wanda ya biya kuɗinsa ma bai tsira ba. Manhajar EAGLE, wadda wani kamfanin Jamus mai suna CadSoft ya fito da ita a 1988, ta daɗe tana cikin waɗanda ɗalibai da ƙananan masu sana'a suka fi so a duniya, domin tana da sashen kyauta, ko da yake an taƙaita shi ga ƙaramin allo mai rufi biyu. A 2016 kamfanin Autodesk na Amurka ya saye ta. A 2017 ya mai da ita ta haya, sai mutum ya riƙa biya kafin ya ci gaba da aiki da cikakkiyarta. A 2023 kuma ya ba da sanarwa cewa daga ranar 7 ga watan Yuni na 2026 zai daina sayar da ita da kula da ita. Waɗanda suka tara zanen shekara ashirin a cikinta sai suka shiga neman inda za su kwashe kayansu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

KYAUTA DABAN, 'YANCI DABAN

A nan ne maganar 'yantacciyar manhaja ta shigo. Ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu waɗanda Hausa ta riga ta ba kowanne sunansa. Kyauta ita ce abin da aka ba ka ba ka biya ba, mai bayarwa kuma yana iya dainawa gobe, kamar yadda muka gani. 'Yantacciyar manhaja kuwa ita ce wadda aka saki asalin rubutunta ga jama'a, aka kuma ba kowa izni huɗu a rubuce: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya nazarci yadda aka gina ta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman shi ne ya kafa wannan tafiya a 1983, a 1989 kuma aka fito da lasisin GPL, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya raba wa mutane, tilas ya bar musu iznin da shi ma ya samu. Mutumin Kano ba zai sha wuyar gane wannan ba. Rijiyar wakafi ce: kowa ya sha, kowa yana iya yashe ta, ba wanda ke da ikon kewaye ta da katanga ya ce tasa ce.

A fagen zana allon lantarki, wadda ta yi fice ita ce KiCad. Wani malamin kwalejin fasaha a garin Grenoble na Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara rubuta ta a 1992. Ta daɗe ana yi mata kallon kayan 'yan koyo, sai a 2013 babbar cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, da ke kusa da Janeba, ta sa injiniyoyinta su taimaka wajen inganta ta. Hujjarsu ita ce zanen da aka yi da kuɗin jama'a bai kamata buɗe shi ya gagari jama'a ba, kuma tun 2011 cibiyar ta riga ta fito da lasisi na musamman na sakin zanen na'urori ga kowa. A 2019 aikin ya shiga ƙarƙashin inuwar Gidauniyar Linux. An fito da bugu na 6 a ƙarshen 2021, na 7 a 2023, na 8 a 2024, na 9 kuma a 2025.

Da KiCad mutum yana iya zana taswira, ya gwada ta a cikin kwamfuta ya ga yadda wuta za ta bi tun bai sayi kaya ba, ya tsara allo mai rufin jan ƙarfe har 32, ya sa manhajar ta bincika masa inda layuka suka matsi juna fiye da kima, ya dubi siffar allon ta kowace fuska kamar yana riƙe da shi, sa'an nan ya fitar da fayilolin Gerber. Ba ta ƙayyade girman allo, ba ta hana a yi kasuwanci da abin da aka zana. Tana aiki a kan Windows da Linux da kwamfutar Apple, tana kuma iya karɓar zanen da aka yi da EAGLE ko Altium. Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne, da zarar an ɗora ta a kwamfuta ba ta bukatar intanet, kuma halal ne mutum ɗaya ya sauke ta ya raba wa makarantu ɗari a filas guda.

Akwai 'yan'uwanta. Gerbv ƙaramar manhaja ce ta duba fayilolin Gerber, ta jera rufi bisa rufi, mutum ya auna ya tabbatar kafin a aika masana'anta. Fritzing, wadda aka fara a wata jami'ar fasaha da ke Potsdam ta Jamus a 2007, an yi ta ne domin masu farawa. OpenBoardView kuwa ta masu gyara ce: in akwai fayil ɗin allon, mai gyara zai taɓa ƙafa ɗaya ta wani abu, nan take manhajar ta haska masa duk wuraren da ke haɗe da ita a gaba da bayan allon. Aikin da kan ci yini guda da mita sai ya zama na 'yan mintoci. Bugu da ƙari, akwai zane-zane masu ɗimbin yawa da masu su suka saki da kansu. Masu allon Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, suna bayyana zanensu, haka kuma da kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fito da ƙwaƙwalwar RP2040 a 2021, ya haɗa da misalin allo wanda ake buɗewa da KiCad. Waɗannan su ne matanin da ɗalibi zai fara kwafa, ya yi musu sharhi a gefe, kafin ya rubuta nasa.

IYAKAR ABIN

Ba za mu yaudari masu karatunmu ba. Manhaja ba ta kawo wutar lantarki, ba ta sayen kwamfuta, ba ta kuma zama malami. Allon wayar hannu yana da rufi da yawa a manne da juna, layukansa sun fi gashi sirantaka, ba abin da za a buga a Kano ba ne yau ko gobe. Yawancin manyan kamfanonin waya ba sa sakin zanensu, kuma da yawa daga fayilolin da ke yawo a hannun masu gyara ta bayan gida suka fito. Wannan jarida ba ta goyon bayan sata ta kowace fuska. Hanyar da ta dace ita ce a nemi haƙƙin gyara ta doka, kamar yadda Faransa ta tilasta wa kamfanoni tun 2021 su riƙa manna wa wasu na'urori makin da ke nuna sauƙin gyaransu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024.

Amma kayan da suka fi yawa a gidajenmu da kasuwanninmu ba su kai waya wuya ba. Fitilar caji, da akwatin daidaita cajin batirin sola, da na'urar amsa-kuwwa, da mai kunna famfo in tanki ya sauka, da mai daidaita zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai, galibinsu allo mai rufi ɗaya ko biyu ya ishe su. Irin wannan allo ɗalibi yana iya yin sa da hannu: ya buga zanen a takarda, ya manna shi a kan falle mai jan ƙarfe da dutsen guga, ya tsoma a ruwan magani mai cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, ya huda. In kuma ana son mai kyau da yawa, sai a aika fayilolin Gerber ga masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, waɗanda ke karɓar aikin ko da guda biyar ne. A nan ne samarinmu za su iya tashi daga gyaran abin da wani ya ƙera su koma ƙera nasu, wanda ya dace da zafinmu da ƙurarmu da wutarmu mai hawa da sauka.

Sai dai tilas a haɗa da tsantseni. Allon da ke ɗauke da wutar gida, in aka matse layukansa ko aka sirantar da su fiye da ƙa'ida, gobara yake jawowa, kuma gobarar kasuwanni ta ishe mu darasi a jihar nan. Ruwan maganin da ake wanke allo da shi guba ne, bai kamata a zuba shi a kwata ya gangara Jakara ba. Waɗannan abubuwa a aji ake koyar da su, shi ya sa muke cewa aikin na hukuma ne.

KIRA GA HUKUMA

Manya daga cikin ma'aikatanmu za su tuna lokacin da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982. An sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen Turai ta Gabas da kuɗi masu yawa, aka raba wa makarantun sakandare, amma da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu domin babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A wancan karo an sayi kaya kafin a tanadi mutane. Wannan karon kayan aikin ba ya bukatar kwangila, saboda haka duk abin da za a kashe sai ya tafi ga mutane. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka fitar mana da likitoci da injiniyoyi masu yawa, ba za ta kasa wannan ba. Ga shawarwarinmu.

Na farko, Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta Jiha, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, su tsai da 'yantacciyar manhaja a matsayin wadda za a fara koyar da zanen allo da ita, a kuma share na sata daga kwamfutocin gwamnati. Muna fata Jami'ar Bayero za ta ba da hannu wajen horar da malamai a lokacin dogon hutu, Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna kuma ta dubi sanya wannan a cikin manhajar karatun kwalejoji.

Na biyu, kowane aikin kammala karatu na ɗalibin lantarki ya zo da fayilolinsa, a ajiye su a taskar makaranta inda na baya za su iya buɗewa. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya haɗa na'ura, a ba shi maki, a jefa ta a sito, baɗi wani ya zo ya sake farawa daga tushe. In aka ajiye fayil, na baya zai ɗora daga inda na gaba ya tsaya.

Na uku, wannan ga jami'an da ke rubuta takardun kwangila ne. Duk na'urar da aka ƙera musamman domin gwamnati, kamar akwatin fitilun titi ko na famfon burtsatse, a shar'anta wa ɗan kwangila ya miƙa taswira da fayilolin allo da jerin kayan da ke kai, a tsarin da 'yantacciyar manhaja ke buɗewa, kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Wadda kuma aka sayo daga kanti, a nemi littafin gyaranta. Injiniyan ma'aikata yana iya buɗe fayilolin a teburinsa ya tabbatar ba fanko aka kawo masa ba. Wannan ya dace da manufar Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a ayyukan kimiyya da injiniya.

Na huɗu, kada a tsaya ga masu takardar shaida. Mafi yawan masu gyara a wurin maigida suka koyi sana'a, kuma hannunsu ya fi na masu digiri da yawa sanin allo. Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta haɗa kai da ƙungiyoyinsu a buɗe ajin yamma a cikin birni da kusa da kasuwanni, da 'yan kwamfutoci da sola, mata ma a ware musu nasu lokaci, domin zane aiki ne da ake iya yi daga cikin gida.

Na biyar, a mai da abin Hausa. 'Yan sa-kai ne suke fassara KiCad zuwa harsuna daban-daban, ƙofa kuma a buɗe take ga duk mai so, ba sai an nemi iznin wani kamfani ba. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana iya zama da malaman lantarki da masu gyara na kasuwa a daidaita kalmomi, a kuma rubuta ɗan littafin jagora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta fi ƙarfin mutum goma masu niyya ba.

Ku kuma ɗalibai, kada ku zauna jiran takardar umurni daga ma'aikata. Wanda ke da kwamfuta ya sauke manhajar, ya kwafa wa abokansa. Ku nemi mataccen allon fitilar caji, ku bi layukansa ku zana taswirarsa, ku kai wa mai gyara na bakin titinku ya duba muku, ku ma ku nuna masa abin da kuka iya. Shi yana da hannu, ku kuna da lissafi, kowannenku yana bukatar ɗan'uwansa.

Malaman Kabara da na sauran unguwannin birni ba su jira wata hukuma ta sayo musu lasisi ba kafin su kwafi littafi su karantar da shi, kuma albarkacin haka ne Kano ta zama garin da ake zuwa neman ilmi daga nesa. Ga wani ilmin ya zo da sharuɗɗa irin nasu, an ce a karanta, a kwafa, a gyara, a ba na baya. Muna fata kafin zangon karatu mai zuwa ya ƙare, za mu ji hukumomin da muka ambata sun zauna a kan wannan magana. Allah ya sa mu dace, amin.